Yadda za ka taimaki ɗanka ya zaɓi karatu da sana'a a Amurka, in ka san launin fata na da tasiri a ciki

Wannan rubutun na iyaye ne da yayye da kawunnai da ke zaune a Amurka, mutanenmu na Bronx da Greensboro da sauran wurare, waɗanda yaransu suka kai aji 7 ko 8 har an fara jin ƙishin-ƙishin ɗin maganar kwaleji. Mu dai mun san yadda ake yi a gida, yaro ya rubuta jarabawa, uba ya ce likita za ka zama ko injiniya, yarinya a ce ta yi nas, shikenan magana ta ƙare. Toh nan ƙasar abin bai tsaya nan ba, don abin da ke tura ɗan Bature ya zaɓi makaranta daban yake da wanda ke tura ɗan Indiya ko ɗan Meziko ko baƙar fata, kuma ɗanka, ko kai mutumin Damagaram ne ko Kano ko zangon Kumasi, ranar da ya shiga aji baƙar fata ne kawai, haka malami zai gan shi, haka mai ɗaukar aiki zai gan shi gobe. A gida kuma muna matsa masa irin matsin baƙi masu neman na kai. Dole ka san duka biyun kafin ka ba shi shawara, in ba haka ba za ka yi ta faɗa da yaro a kan abin da ba laifinsa ba ne.

Fara da kuɗi, don nan ne babban bambancin yake. Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna matsakaicin gidan farar fata na da dukiyar kusan dala 285,000, gidan 'yan Latin kusan 62,000, gidan baƙar fata kusan 45,000, na 'yan Asiya kuwa ya wuce 500,000. Ba albashi ake nufi ba fa, abin da ya rage ne in an cire bashi, wato gida da ajiya da hannun jari. Wannan ne ke sa ɗan Bature da yawa ya iya zaɓen abin da ransa ke so, ya canza kwas a shekara ta biyu, ya je ya yi aikin koyo na hutu ba ko sisi don dai ya san manya, in ya faɗi kuma akwai ɗaki a gidan babansa. Yaron baƙar fata kuwa sau da yawa tambayarsa ta farko ita ce wacce makaranta ce mai araha yanzu-yanzu, wacce ce zan iya haɗawa da aikin dare. Ko bashin ma ba ɗaya ba ne, wani bincike da cibiyar Brookings ta fitar a 2016 ya gano baƙar fata na gama digiri da bashin da ya ɗara na farar fata da kamar dala 7,400, amma bayan shekara 4 tazarar ta kai kusan 25,000, saboda kuɗin ruwa na hawa su kuma ba mai taya su biya.

Abin yi a nan shi ne ka zaunar da yaron ka faɗa masa gaskiyar abin da ke shigowa gidan da abin da ake turawa gida duk wata. Na san ba al'adarmu ba ce uba ya buɗe wa ɗa aljihunsa, amma yaron da bai san lissafin gida ba ko dai ya ciwo bashin da zai yi shekara 20 yana biya, ko ya ƙi neman makarantar kirki don yana ganin kamar zai ɗora maka nauyi. Sannan kar ku kalli farashin da makaranta ta rubuta a shafinta na gaba, doka ta wajabta wa kwalejoji su sa na'urar lissafi a shafinsu na intanet inda za ka shigar da samunka ta faɗa maka kusan abin da za ka biya bayan an cire tallafi. Ku yi wa makarantu kamar goma wannan lissafin, za ka sha mamaki, don sau tari mai tsadar a rubuce ita ce mai sauƙi ga talaka. Harvard ta sanar daga zangon 2025 gidan da samunsa bai wuce dala 100,000 a shekara ba ba zai biya komai ba har ɗaki da abinci, MIT ma haka. Amma masana biyu, Caroline Hoxby da Christopher Avery, sun nuna tun 2012 cewa mafi yawan yaran talakawa masu maki sosai ba sa ma neman irin waɗannan makarantun, ba wai an ƙi su ba ne, ba wanda ya ce musu su nema.

Fom ɗin FAFSA shi ne ƙofar tallafin gwamnati, galibi ana buɗe shi 1 ga Oktoba na shekarar ƙarshe ta sakandare, ku cike da wuri. Yaron da aka haifa a nan ko mai girin kad ya cancanta, kuma matsayin takardun iyaye ba ya hana yaro ɗan ƙasa samu. Tallafin Pell ya kai dala 7,395 a shekara ga wanda ya samu cikakke kuma ba bashi ba ne. Ga wani abu da masu tasi da Uber da matanmu masu kitso ya kamata su riƙe, FAFSA harajin shekara biyu baya take dubawa, kenan takardun harajin kuɗin da ka samu lokacin yaron yana aji 10 zuwa 11 su za su yi magana, don haka a gyara su tun lokacin, kar a bari sai an zo bakin gaɓa. Maganar riba kuma, wadda na san tana damun gidaje da yawa, ka tambayi malaminka hukunci amma ka je masa da bayani daidai: akwai bashin gwamnati da ita gwamnatin ke ɗaukar kuɗin ruwansa muddin yaro na karatu, akwai wanda ruwan ke fara hawa tun ranar farko, akwai kuma Parent PLUS wanda sunanka ne a kai ba na yaron ba kuma ruwansa ya fi yawa. Wannan na ƙarshen ni dai ban ga dalilin da zai sa mai ƙaramin ƙarfi ya sa masa hannu ba in akwai wata hanya.

Amma gaskiya kafin kuɗi ma akwai abin da ke yanke wa yaro hukunci tun yana ɗan shekara 13, wato azuzuwan da aka sa shi. Kusan kashi 80 na malaman makarantun gwamnati farar fata ne, baƙar fata ba su wuce kashi 6 ko 7 ba. Seth Gershenson da Nicholas Papageorge da abokan aikinsu sun duba yadda malamai biyu ke kallon yaro ɗaya baƙar fata, suka ga malamin da ba baƙi ba ya fi yi masa hasashen ba zai yi nisa ba, sannan a wani binciken nasu suka gano yaron baƙar fata da ya samu ko da malami baƙi ɗaya ne a farkon firamare ya fi yiwuwa ya gama sakandare ya shiga kwaleji. Ba ina cewa malaman mugaye ba ne, da yawansu mutanen kirki ne wallahi, amma zato yana aiki ko mutum bai sani ba, kuma zaton nan shi ke sa a ce wa yaro "wannan ajin zai yi maka nauyi, ɗauki mai sauƙin". Ɗan Bature in aka faɗa masa haka gobe uwarsa na ofishin shugaban makaranta. Mu kuma sai mu ce malam ya fi mu sani, don haka aka rene mu.

Toh ka daina wannan kunyar. Ka je makaranta da ƙafarka, ka nemi ganin malamin da ke ba ɗalibai shawara, ka tambaye shi kai tsaye: yarona zai yi aljabra a aji 8? In bai yi ba ta wace hanya zai kai ga kalkulas kafin ya gama? Waɗanne azuzuwan AP, wato darussan matakin kwaleji da ake yi a sakandare, kuke da su kuma me ake buƙata a shiga? Akwai tsarin ɗaukar darasin kwaleji tun yana sakandare? Ka sani malamin shawarar nan ƙungiyarsu ta ce ɗalibi 250 ya kamata kowanne ya riƙe, amma matsakaicin ƙasar ya haura 350, wanda iyayensa suka zo shi ake tunawa. Wani lokacin ma ajin ne babu gaba ɗaya, alƙaluman ma'aikatar ilimi na 2013 zuwa 2014 sun nuna kashi 33 ne kawai na makarantun da baƙar fata da 'yan Latin suka yi yawa ke koyar da kalkulas, a inda suke kaɗan kuwa kashi 56. In makarantar yaronka na cikin marasa shi, a nemi ya ɗauka a kwalejin unguwa ta shekara biyu. In Turancinka bai nuna ba ka nemi tafinta, a Niyok kyauta ne. Kuma ka lura da fom ɗin da ke tambayar yaren da ake yi a gida, in ka rubuta Hausa za su gwada Turancin yaron, ba laifi, amma ka bi sawu kar a bar yaron da aka haifa a Bronx shekara da shekaru a ajin masu koyon Turanci alhali ya fi ka ji.

Mutanenmu na son kawo misalin 'yan Chaina da Indiya, wai dubi yadda suke matsa wa 'ya'yansu. Eh suna matsawa, amma ba matsin ne kaɗai ba, labari ne ke yawo a tsakaninsu. Uwa a Flushing, unguwar da 'yan Chaina suka yi yawa a Niyok, ta san ranar jarabawa, ta san inda ake lesin na Asabar, ta san wacce makaranta ce ke kai yara ina, tun yaron na aji 5. A Niyok akwai jarabawar SHSAT da ake yi a farkon aji 8 don shiga manyan sakandare irin Stuyvesant da Bronx Science, kyauta ne karatun, amma a 2019 cikin gurbi 895 na Stuyvesant baƙar fata 7 kacal aka ba. Bronx Science kuwa a unguwarmu take, yaranmu nawa ke ciki? Wannan abin za mu iya kwaikwaya ba tare da ko kwabo ba, guruf ɗin WhatsApp na masallaci da ake ta tura sanarwar suna da rasuwa a sa mutum ɗaya mai jin Turanci yana tura ranakun jarabawa da sikolashif. Abin da ba sai mun kwaikwaya ba shi ne a mayar da yaro kamar bai da wata daraja in bai zama likita ba. Kuma "'yan Asiya" ɗin ma ba abu ɗaya ba ne, 'yan Hmong da Kambodiya da suka zo gudun hijira suna fama kamar kowa.

In da gaskiya za a bi, mun fi kama da 'yan Latin. Su ma iyali ne kan gaba, yaro ya zauna kusa da gida, ya taya haya, ya kai ƙanne makaranta, shi ya sa suka cika kwalejojin unguwa na shekara biyu. Mu ma haka, musamman in 'ya mace ce, ba a son ta kwana a hostel. Ban raina wannan damuwar ba, kuma kwalejin unguwa hanya ce mai kyau mai araha, sai dai ka san ramin da ke cikinta: mafi yawan masu shiga suna cewa digiri suke so, amma wani rahoto na 2024 ya nuna kashi 16 ne ke samun digirin cikin shekara 6, baƙar fata kuwa kashi 9. Abin da ke cin su shi ne aikin awa 40 a mako, da ɗaukar darussan da jami'a ba za ta karɓa ba in an zo canjawa. Don haka in nan za a fara, tun makon farko a tambayi yarjejeniyar canja sheƙa tsakanin kwalejin da jami'ar da ake hari, a ɗauki darussan da ke cikin takardar kawai, a yi karatun cikakken lokaci, in a CUNY ne, wato jami'ar birnin Niyok da kwalejojinta, a nemi shiga shirin ASAP da ke taimakawa da kuɗin mota da littafi da mai bibiyar ɗalibi. Ku kuma rage wa yarinyar aikin gida, ba zai yiwu tana karanta kemistiri tana girkin mutum tara kullum ba. In kuma ta samu sikolashif a wani gari, kafin ka ce a'a ku je tare ku gani, ka tambayi ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta makarantar, ka tambaya ko akwai ɓangaren mata zalla da abincin halal, sannan ka yanke.

Sai zaɓen kwas. Cibiyar Jami'ar Georgetown ta nuna a 2016 cewa baƙar fata sun taru a kwasa-kwasan hidimar jama'a masu ƙaramin albashi, kashi 19 na masu digirin aikin jin daɗin jama'a su ne, amma a injiniyancin kwamfuta kashi 5. Dalili ɗaya mai kyau ne, yaro na so ya taimaki unguwarsu, kuma malami da ma'aikacin jin daɗin jama'a su ne masu digirin da ya taɓa gani ido da ido. Ɗaya dalilin shi ne wanda ya fi ba ni haushi. Binciken Catherine Riegle-Crumb na 2019 ya gano baƙi da fari kusan daidai suke shiga kimiyya da injiniyanci a shekarar farko, amma kashi 40 na baƙar fata ke canja kwas, farar fata kashi 29. Kenan sha'awa akwai, a hanya ake zubewa. Tun shekarun 1970 wani malamin lissafi a Berkeley, Uri Treisman, ya bi ɗalibansa don ya ga dalili, ya tarar baƙar fata kowa shi kaɗai yake karatu a ɗaki, 'yan Chaina kuwa a ƙungiya suke yi suna gyara wa juna kuskure, da ya haɗa baƙaƙen a ƙungiya sai makinsu ya tashi. Saboda haka tambayar da za ka riƙa yi wa ɗanka a waya ba "kana karatu dai ko" ba ce, tambaye shi da wa kake karatu, ka je ofishin farfesa a lokacin da ya ware wa ɗalibai, ka shiga NSBE, ƙungiyar injiniyoyi baƙar fata? In ya samu C a kemistirin farko kar ka hau shi da faɗa, a daidai nan ne yawanci ake sarewa.

Nan ne jami'o'in baƙar fata na tarihi, waɗanda ake kira HBCU, ke da amfani, kuma mutanenmu da yawa ba su san su ba ko suna musu kallon raini. Kusan 100 ne. Howard na Washinton, Spelman ta mata zalla da Morehouse ta maza a Atlanta, Xavier a New Orleans wadda ta yi suna wajen tura baƙar fata makarantar likitanci, sai North Carolina A&T da ke cikin Greensboro ɗin nan da 'yan Nijar suka yi yawa, ita ce mafi girma kuma tana sahun gaba wajen yaye injiniyoyi baƙar fata. Azikiwe da Nkrumah ma a irinsu suka yi, Jami'ar Lincoln ta Pennsylvania. A can yaro ba ya ɓata ƙarfinsa wajen nuna ya cancanci kujerar da yake kai. Sai dai wasunsu ba su da kuɗin tallafi kamar manyan jami'o'in Turawa, don haka lissafin nan na farko a yi musu su ma. Akwai kuma shirin sikolashif na Meyerhoff a jami'ar UMBC kusa da Baltimore ga mai son kimiyya da gaske.

Game da neman gurbi, ranar 29 ga Yuni 2023 kotun ƙoli ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibi, a shari'ar Harvard da Jami'ar North Carolina. Amma alƙalin alƙalai John Roberts ya rubuta cewa ɗalibi na iya bayyana yadda launin fata ya shafi rayuwarsa a rubutun da yake haɗawa da fom. Toh yaranmu na da abin faɗa, wanda yake yi wa uwarsa tafinta a asibiti tun yana ɗan shekara 9, wadda ke koyar da ƙananan yara a Islamiyya ran Asabar, wanda ke riƙe lissafin shagon babansa, duk wannan abin rubutawa ne, su dai suna ganin ba komai ba ne shi ya sa sai ka tuna musu. A duba ƙungiyoyin da ke taimakawa da sikolashif irin QuestBridge da Posse da UNCF tun aji 11. Sannan dan Allah a daina ce wa yara su guji baƙaƙen Amurka. Wani bincike na Douglas Massey da abokansa a 2007 ya nuna kashi 41 na baƙar fata a jami'o'in Ivy League, wato manyan jami'o'i takwas irin su Harvard, baƙi ne ko 'ya'yan baƙi, ƙofar da muke shiga kenan kuma iyayen waɗancan ne suka sha duka da ɗauri kafin a buɗe ta, kuma ƙungiyoyinsu da tsofaffin ɗalibansu su ne za su riƙe hannun ɗanka ranar neman aiki.

Neman aikin ma da nasa. A wani bincike da aka buga a 2004, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun tura takardun neman aiki iri ɗaya a Boston da Chicago, sunaye kawai suka canza, masu sunan Turawa suka samu kira da kashi 50 fiye da masu sunan baƙar fata. Ɗanka Abdullahi ko Hadiza ba za su canza suna ba kuma bai kamata ba, maganin shi ne kar takarda ta isa ita kaɗai, a samu wanda ya san yaron a ciki. Wannan kuwa daga aikin koyo na hutu yake zuwa, don haka in ya samu irinsa a shekara ta biyu ko ta uku, ko kuɗin bai kai na tuƙin Amazon ba, ƙyale shi ya je, hutun nan ba na tafiya gida ganin dangi wata uku ba ne. Makarantun kuɗi masu talla a jirgin ƙasa da ke alƙawarin satifiket cikin wata tara kuwa a yi hattara, baƙar fata suka fi faɗawa hannunsu, Corinthian ta rushe a 2015, ITT Tech a 2016, ɗalibai suka tashi da bashi ba takarda. In sana'ar hannu yaro ke so, wutar lantarki ko famfo, a nema masa koyon aiki na ƙungiyar ƙwadago inda ake biyansa yana koyo.

Wajen Maris zuwa Afrilu takardun tallafi za su zo daga makarantun da suka ɗauke shi, kuma yawanci 1 ga Mayu ake son amsa. Ku baje su a tebur, ku ware abin da kyauta ne daga abin da bashi ne don wasu makarantun suna cakuɗa su a layi ɗaya kamar duk alheri ne, ku tambaya ko sikolashif ɗin na shekara huɗu ne ko na farko kawai da makin da ake buƙata a riƙe shi, ku duba kashi nawa na baƙar fata ke gamawa a makarantar ba jimillar kowa da kowa ba. In kuɗin bai kai ba a rubuta wa ofishin tallafi takardar roƙo a sake dubawa, a haɗa da shaidar raguwar aiki ko kuɗin asibiti ko tayin da wata makarantar ta yi, yaron ne zai rubuta da sunansa kai kuma ka ba shi takardun.